Ba Rana ce ke Dafa Injin Mota ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ta birnin Yamai da hantsi, ya wuce masu sayar da katako da kwanon rufi da siminti, ya kutsa can ciki inda hayaƙin gawayi ke tashi, zai tarar da maƙeran da ke zubin tukwane. Aikinsu sananne ne ga kowa. Su narkar da alminiyo a kan wuta, su zuba shi cikin ƙirar da suka yi da ƙasa mai laima, kafin la'asar tukunya ta fito da murfinta. Abin da ba kowa ke tsayawa ya duba ba shi ne tarin tarkacen da ke gefen maƙerin, wato abincin wutar. Akwai gwangwanayen lemo, akwai tsofaffin tukwane da suka huje, akwai kuma, ga mai lura, fistan da kan injin mota, wanda ƴan garaji ke kira kulas. Kowane kulas da ke cikin wannan tari, a da yana bisa injin wata mota da mai ita ke alfahari da ita. Da yawa daga cikinsu zafi ne ya kawo su nan.

A kan wannan zafi ne filin na yau zai tsaya, musamman ga tsofaffin motocin ƙawa da na gudu, waɗanda samun kayan gyaransu ke ƙara wuya kowace shekara. Mota mafi kusa da mutanen wannan ƙasa a cikin irinsu ita ce Peugeot 504 mai ƙofa biyu, da ƴar uwarta mai buɗaɗɗen rufi. An fara nuna su a birnin Janeba a shekarar 1969, shekara ɗaya bayan fitowar 504 mai ƙofa huɗu, kuma kamfanin Pininfarina na ƙasar Italiya ne ya zana jikinsu ya ƙera shi. Daga 1974 aka sa musu inji mai silinda shida. Da wannan inji ne direban nan na Faransa Jean-Pierre Nicolas ya lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1978, ya kuma lashe gasar Bandama ta ƙasar Kodebuwa a shekarar nan dai. Kafin a daina ƙera su a 1983, dukansu biyu ba su wuce kimanin 35.000 ba, alhali 504 gaba ɗaya ta haura miliyan 3. Saboda haka ba su taɓa yawa a titunan Yamai ba. Amma injin mai silinda huɗu da ke cikin mafi yawansu, dangi ɗaya ne da na 504 ɗin da kowa ya sani: ta ma'aikatan gwamnati, ta tasha mai cin mutum tara, da bashe mai ɗaukar buhunan albasa. Ita ce kuma aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975 har cikin shekarun 2000. Abin da za a faɗa a kan mai ƙofa biyu, ya hau kan sauran.

To, ga tambayar da ya kamata mai irin wannan mota ya yi wa kansa. Motar da ta ci gasar dubban kilomita a ƙurar Kenya da damshin Kodebuwa, motar da ta shekara talatin tana zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram da kaya har bisa rufi, yaya aka yi yau ta kasa zuwa Doso ba a tsaya an ba ta ruwa sau biyu ba? Amsar da aka fi ji a bakin garaji ita ce: «Alhaji, ai rana ce, ƙasarmu da zafi.» Gaskiya ne a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa. Sai dai ranar da ake zargi, ita ce dai ranar da motar ta yi aiki ƙarƙashinta lokacin da take sabuwa, ba ta kuwa tafasa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wajibi ne a fara da sanin aikin ruwan nan. Man fetur ɗin da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya ƙafafu. Wani kason yana fita ta salansa, sauran kuwa, wanda shi ma ya kusa kashi ɗaya cikin uku, yana shiga jikin ƙarfen injin, dole a kwashe shi a zubar. Ruwa ne ɗan dakon. Famfo yana tura shi ya zagaya silinda da kulas ya ɗebo zafi, ya bi tiyo na sama ya shiga lagireto, ya sauka ta cikin siraran bututu masu yawa, iska ta hura shi ya huce, ya koma ta tiyo na ƙasa. Ke nan abu uku ake bukata: ruwa ya kasance yana nan, ya riƙa gudana, iska kuma ta riƙa ratsa lagireto. Duk motar da ta yi zafi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya tauye, ko kuwa injin da kansa yana haifar da zafin da ya wuce ƙa'ida. Ruwa ba ya tsami banza.

A ɗauki misalin mutumin da ya yi shekaru yana aikin gwamnati ya yi ritaya, yana da irin wannan mota a gida, ba ya fito da ita sai ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure. Wata rana zai haye zuwa Harobanda, cunkoso ya tsare shi a kan gadar Kennedy, sai ya ga allura tana hawa tana neman ja. Da hanya ta buɗe ya taka, sai ta sauko. Washegari ya kai ta garaji. Yaron garaji ya kwance tarmosta ya jefa cikin kwali, ya ce wannan na ƙasar Turawa ne masu sanyi. Mako biyu lafiya lau, domin bai sake shiga cunkoso ba. Ran da ya sake shiga, allura ta sake hawa. Aka ce lagireto ne, aka wanke. Aka ce famfo ne, aka sayo na hannu a kasuwa. Tun daga ranar kuma kullum da safe sai ya ƙara ruwa daga buta. Wata shida bayan haka, a hanyar Tilaberi, tururi ya turnuƙe, ya tsaya ya roƙi ruwan randa a wani ƙauye ya kwarara wa injin da ke ci kamar maƙera. Kulas ya tsage. Duk wannan hasara kuwa, tun ranar farko motar ta faɗi ciwonta da bakinta, ba a saurara ba.

Abin da ta faɗa shi ne: tana zafi a tsaye, tana hucewa a guje. Wannan alama ce ta iska. Mota in tana gudu, iskar hanya ta ishe ta, in ta tsaya kuwa fanka ce kaɗai gatanta. A 504 mai silinda huɗu, kamar yadda yake a 404, fankar ba ta kama aiki kullum. Tana da maganaɗisun lantarki da ke kama ta sa'ad da ruwa ya yi zafi, ta hanyar wani ɗan makunni da ke jin zafin ruwa, da ɗan gawayin lantarki da ke gogar jikinta. Ɗan gawayin nan yana cinyewa, waya tana tsinkewa, makunnin yana mutuwa. In haka ta faru, mutum zai buɗe gaban mota ya ga fanka tana juyawa, ya ce lafiyarta ƙalau, alhali juyin banza take yi, ba ta jan iskar kirki. Wanda ya san ta, da kunne yake gane ta: in ta kama, akan ji ƙarar iska ta canja. Gyaran bai wuce na waya da gawayi ba. Wasu makanikai sukan ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum. Dabara ce da ke kai matafiyi gida, kuma a ƙasa mai zafi ba ta da babban laifi, illa ƙara da ɗan ƙarin shan mai. Haka kuma fambel in ya saki ko ya yi santsi, famfo da fanka duka suna raguwa. Akwai ma fankar da aka sayo ta wata mota aka ɗaura, fikafikanta suna tura iska gaba maimakon su jawo ta. Takarda ɗaya in aka ɗora a gaban lagireto inji yana aiki, ta isa shaida: in ta manne, iska na shiga, in ta faɗi, a duba.

In kuwa akasin haka ne, wato cikin gari lafiya, amma da an hau kwalta an kama hanyar Doso allura ta fara tafiya sannu a hankali ba ta dawowa, to ba fanka ba ce. Ko dai ruwan ba ya gudana yadda ya kamata, ko lagireto ya rage aiki. A fara da waje, domin shi ne kyauta. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayi, da fara, da baƙar leda da iska ke yawo da ita a titunan birni, duk suna toshe fuskar lagireto. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, kada a lanƙwashe siraran fikafikan. Bayan haka, in inji ya yi ɗumi aka kashe shi, a shafa bayan hannu a hankali a fuskar lagireto: ya kamata zafin ya riƙa raguwa daga sama zuwa ƙasa bai ɗaya. Inda aka ji wuri ya yi sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin a toshe suke. A kuma duba tiyo na ƙasa, wanda famfo ke tsotsar ruwa ta cikinsa. In ya tsufa ya yi laushi, da an taka inji sai ya lotse ya shaƙe hanya, da an sassauta ya buɗe, shi ya sa ba a kama shi a garaji sai an sa wani ya taka ana kallo. Famfo shi ma yana iya zama lafiya daga waje, alhali tsatsa ta cinye fikafikansa a ciki.

Yanzu maganar tarmosta, wadda ta cancanci a zauna a kanta, domin cire shi ya zama kamar al'ada daga Yamai har Kano. Tarmosta ƙofa ce ƙarama a bakin tiyo na sama. In inji yana da sanyi tana rufe, ruwa ya tsaya cikin inji ya yi ɗumi da sauri. In ya kai zafin da aka buga lambarsa a jikinta, sai ta buɗe. Gaskiya ne tana iya maƙalewa a rufe, kuma in ta maƙale inji zai tafasa cikin ƴan mintoci, tiyo na sama kuwa da saman lagireto su ƙi ɗaukar zafi yadda ya kamata. Wanda haka ta same shi a daji, ya cire ta ya isa gari, bai yi laifi ba. Amma gwada ta ba ya bukatar na'ura. Tukunya da ruwa da wuta sun isa: a jefa ta a ciki, in ta buɗe sosai kafin ruwa ya tafasa, ta kuma rufe da ya huce, lafiyarta lau, a mayar da ita a nemi ciwo a wani wuri. Tarmosta mai lafiya in ta buɗe ba ta hana lagireto aikinsa, cire ta kuma ba ya ƙara wa lagireto bututu ko ɗaya. Abin da cirewar ke yi kawai shi ne ta jinkirta hawan allura, sai mai mota ya ɗauka ya warke. A wasu injunan ma, tarmostar ce ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, in an cire ta hanyar ta zauna a buɗe, zafin ya ƙaru. Sannan ga hasarar ɓoye. A watannin Disamba da Janairu, da asubar Yamai mai sanyi, inji marar tarmosta yakan daɗe bai yi ɗumi ba. Inji mai sanyi yana shan mai da yawa, man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Garin neman gira an rasa ido.

Abu na biyu da ake rainawa shi ne murfin lagireto. Sau nawa ake ganin mota an toshe bakin lagiretonta da tsumma, ko da murfin da robarsa ta ƙone tun tuni? Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, kuma Yamai ba ta da tudun da zai sauya wannan lissafi sosai. In aka rufe shi aka matse, tafasar tana ja da baya: matsi na rabin bar yana kai ta wajen digiri 111, na bar ɗaya kuwa wajen 120. Wannan tazara ita ce garkuwar inji a ranar zafi. Murfi mai lafiya yana da ƙarfe mai naɗi da ke riƙe matsin, da ƴar ƙofa da ke barin iska ko ruwa ya koma in inji ya huce. In ya lalace, ruwa zai tafasa da wuri a lungunan kulas, ya zama tururi, ya fice ta tiyon ambaliya, mai mota ya yi ta ƙari yana neman inda ke yoyo bai gani ba. A duk kayan da ke cikin wannan magana babu mai araha kamar murfi, babu kuma wanda ake mantawa kamarsa. Amma a sayi mai lamba daidai da ta asali. Tsohon lagireto in aka ɗora masa murfin da ya fi ƙarfinsa, ɗinkin dalmarsa ne zai buɗe.

Sai ruwan kansa. Jama'a sun ɗauka ruwa ruwa ne. Duk mai shan shayi ya san ɓawon da ke taruwa a gindin buta in an daɗe ana dafa ruwan rijiya a cikinta. Irin wannan ɓawo ne ke taruwa cikin bututun lagireto da hanyoyin kulas, kuma kowace butar da aka ƙara da safe sabon kaso ne. Ruwan kogi kuwa, musamman da damina sa'ad da ya yi ja, laka yake kawowa. Ban da wannan, injin 504 mai silinda huɗu gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kulas ɗinsa alminiyo, lagiretonsa na asali tagulla. Ƙarafa daban-daban in suka haɗu cikin ruwa ɗaya, ɗaya yana cin ɗaya, alminiyo ne kuma ke biyan bashin. Mai silinda shida ya fi shiga haɗari, domin shi har gangar jikinsa alminiyo ce. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a jarka, wanda mutane ke cewa maganin ƙanƙara ne don haka ba ruwan Nijar da shi, yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗan ɗaga matakin tafasa. Maganin tsatsar yana ƙarewa, shi ya sa ake sauya ruwan bayan kamar shekara biyu. Wanda zai sirka shi, ya sirka da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. A kuma kiyaye: ruwan nan yana da zaƙi, guba ne kuwa, kada a bar shi a kwano inda yaro ko akuya za su kai baki.

Akwai magungunan tasha da kowane direba ya sani: ƙwai, barkono, garin taba, sabulu. Ana zuba su don toshe yoyo, kuma sukan toshe, na kwana ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce ba su san bambancin huji da bututu ba.

A nan ne tsohuwar mota ta fi sabuwa sa'a, a nan ne kuma hannun masu sana'a na Katako da sauran garajojin birni ke da amfani. Lagireton motocin yanzu alminiyo ne da roba, in ya toshe ko ya fashe yawanci sai dai a sauya. Na tagulla kuwa ana narkar da dalmar a cire tankin sama, a zura siririn ƙarfe cikin bututu ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya wuce, a mayar a like. Aiki ne na haƙuri, kuma ya kamata mai mota ya tsaya a kai ya gani da idonsa. Dalili kuwa, hanya mafi sauƙi ga mai gaggawa ita ce duk bututun da ke yoyo ya matse shi ya like bakinsa. Ɗaya ko biyu ba komai. Amma lagireton da aka kai gyara sau biyar, aka kashe masa bututu uku kowane zuwa, ya koma rabin kansa, ko da an shafe shi da baƙin fenti yana ƙyalli. Mai saye a kasuwa ya ƙirga bututun da aka kashe, ya taɓa fikafikan ya ga ko suna marmashewa, ya ce a toshe bakunan a nutsa shi cikin ruwa a hura iska a gabansa. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan. In zuciyar lagireton ta ruɓe, a sa sabuwar zuciya a kan tsofaffin tankuna, ya fi sayen wani tsohon da ba a san tarihinsa ba.

In an bi duk waɗannan allura ba ta sauka ba, sai a tuhumi injin. Wutar buji in tana zuwa a makare, mai yana ƙarasa ƙonewa a bakin fita, kulas ya ɗauki zafi. In tana zuwa da wuri ainun, ko man ba shi da kyau, akan ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani sa'ad da ake hawan tudu. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci lafiyayye ne, wani lokaci an sirka shi, mai saye ba shi da hanyar sani. Haka kuma in mai ya yi wa iska kaɗan, inji yana zafi. Masu ƙofa biyu da yawa ba kafireto gare su ba, famfon feshin mai ne na Kugelfischer, wanda masu iya daidaita shi sun yi ƙaranci ko a Turai. Wanda bai san shi ba, kada a bar shi ya koya a kansa. Kada kuma a manta allurar ita ma tana ƙarya. Waya mai tsatsa tana iya sa ta hau ba dalili, kamar yadda in ruwa ya ƙare sarai takan kwanta ta nuna lafiya, domin abin da ke auna mata zafi ba ya cikin ruwa.

Ciwo na ƙarshe, wanda kowa ke tsoro, shi ne na shimfiɗar da ke tsakanin kulas da gangar inji, wadda ake kira juwan kulas. Alamominsa ba sa ɓuya: ruwa yana raguwa ba a ga yoyo ba, farin hayaƙi yana bin salansa ko bayan inji ya yi ɗumi, kumfa tana tasowa a bakin lagireto in an tayar da inji da sanyi, tiyo na sama ya yi tauri tun kafin ruwa ya yi zafi, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Abin lura shi ne sau da yawa ƙonewar juwan sakamakon zafi ce. In aka sauya shi ba a gano abin da ya haddasa zafin ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. Kuma a nan 504 tana da wani sirri da ƙananan makanikai ke faɗawa ciki. Silindanta riguna ne da ake zurawa a cire, ruwa yana zagaye su kai tsaye, suna zaune a kan abin toshiya a gindinsu. In an ɗaga kulas aka juya inji ba a danne rigunan ba, sai su motsa, toshiyar ta saki, bayan an gama ɗaurewa ruwa ya sauka cikin baƙin mai, a ce juwan ɗin jabu ne. Kulas ɗin ma in ya karkace ana kai shi a goge fuskarsa, amma gugar tana da iyaka. Ɗaurin kusoshinsa kuwa yana da jeri da ma'auni da aka rubuta a littafin motar, ba ƙarfin damtse ba ne.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin lissafin da ke bayan wannan duka. Tun ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ke zuwa daga Faransa suka ninka kuɗi a dare ɗaya, jama'a suka koma ga na hannu da na kwaikwayo. A wancan lokaci akwai madogara, domin Kaduna tana harhaɗa 504, kaya suna shigowa ta Maraɗi da Ƙonni. Yau wannan ƙofa ta rufe, titunan Yamai sun koma na Toyota, kuma duk kulas ɗin da aka narkar babu mai maye gurbinsa sai daga wata motar da ta mutu. Na mai silinda shida kuwa, guda biyu ne a kan inji ɗaya, samunsu a nan sai an sha wuya. A can Turai masu tara tsofaffin motoci suna biyan kuɗi masu nauyi a kan 504 mai ƙofa biyu da ke da injinta na asali. Mutumin da ke da ita a gida yana ƙara mata ruwan rijiya, dukiya yake zubarwa da buta bai sani ba. Maƙerin tukwane shi ba ruwansa da tarihi, a kilo yake saye.

Saura abin da za a yi in abin ya faru a hanya, domin ba a fafe gora ranar tafiya amma tafiya takan zo da nata. In allura ta hau ba a ga tururi ba, a sauka gefen hanya, a kashe na'urar sanyi in akwai, a kunna ta ɗumama ciki in ba a cire ta ba, domin ita ma ƙaramin lagireto ce, a bar inji yana aiki a hankali a ga ko za ta sauko. In tururi ya fito, ko fambel ya tsinke, ko ruwa yana zuba, a kashe nan take. A ɗaga murfin gaba, a nemi inuwa a zauna. Kada a taɓa murfin lagireto, domin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100, da an sassauta zai yi tsalle ya sami fuska da hannu. A ba shi aƙalla rabin awa, har tiyo na sama ya yi laushi a hannu, sannan a dafa murfin da tsumma mai kauri a murɗa kaɗan, a jira hucin ya ƙare kafin a cire. In za a ƙara ruwa, a tayar da inji a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, don sanyin ya gauraya da ɗumin kafin ya isa kulas. A irin wannan hali ko ruwan rijiya ne a zuba, in an isa gida a juye shi a wanke. Daga nan a kama hanya a hankali, ido a kan allura, a tsaya a gari na farko da ke da garaji.